Hatimi a Kati Ba Ya Hana Sanƙarau

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da maniyyata, musamman 'yan Umara da masu bin jirgin yawo, a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: a miƙa wa ejan kuɗi, ya kawo katin allurar sanƙarau da hatimi da sa hannu, alhali allura ba ta taɓa fatar mutum ba.

Ni haifaffen Makka ne, a Misfala aka yanke mini cibiya. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutumin ƙasar Zamfara ne, ya biyo ta Sudan ya ƙetaro teku, bai koma ba. Aikina gwajin jini da sauran ruwan jiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma a kansa furfura ta same ni. Gidana kuwa masauki ne, duk ɗan'uwan da ya zo daga gida sai ya sha ruwa a wurina.

A azumin da ya wuce wani ɗana ya zo Umara, jikan yayan mahaifina ne. Bayan buɗa-baki ya zaro fasfo zai nuna mini bizarsa, sai katin allura ya faɗo a kan tabarma. Na ɗauka na duba. Komai ya cika: kwanan wata, lambar kwalba, hatimi mai kyau. Na ce da shi, "A wane hannu aka yi maka?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Baffa, wa ke da lokacin bin layi? Ai haɗe yake da kuɗin biza. Kuma ni an yi mini ta sanƙarau tun ina sakandare." Washegari na ja shi mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka yi masa, amma allurar nan sai ta kwana goma kafin ta fara tsare mutum, shi kuwa a daren ranar yana tsakiyar Harami, kafaɗa da kafaɗa da mutanen duniya, yana tarawihi.

Maganarsa ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba shi kaɗai ke faɗin ta ba. Mutane sun ɗauka sanƙarau abu guda ne, allurarsa ma guda ce. Ƙwayar da ke kawo annobarsa, wadda likitoci ke kira Neisseria meningitidis, tana lulluɓe da wani ɓawo na sukari, kuma da wannan ɓawon ne jikin mutum ke gane ta. Ɓawon iri 12 ne, shida daga ciki su ne masu ɓarna: A, B, C, W, X da Y. Allurar da aka yi don A ba ta san C ba, ba ta san W ba. Wadda aka bi makarantu da ita a arewacin Najeriya tun daga 2011, wato MenAfriVac, ta A ce kaɗai. Ta yi aiki, babu mai musu, domin A da ta addabi kakanninmu kusan ta ɓace daga yankin. Amma ɗana da ke tinƙaho da ita, ƙofa ɗaya ya rufe ya bar biyar a buɗe. Ga kuma abin da yawanci ba a sani ba: wajen mutum ɗaya cikin goma na iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa, yana cin tuwonsa lafiya lau, yana raba ta ta hanyar tari da numfashi a ɗakin da aka cunkushe.

Yadda aka san daga ina kowace ta fito shi ne sashen da nake so masu karatu su yi haƙuri su bi ni. A cikin kowace ƙwaya akwai rubutun halittarta, DNA, mai haruffa sama da miliyan biyu, kuma duk lokacin da ta rabu gida biyu sai ta kwafe shi. Wanda ya yi karatun zaure ya san littafin da aka kwafa da hannu. Idan wani magabaci ya tsallake harafi, duk almajirin da ya kwafa daga nasa zai gaji wannan tsallaken, wata rana ya ƙara nasa. Mai ido in ya jera kwafi goma a gabansa zai gaya maka wanne aka ɗauko daga wanne, ko da babu sunan kowa a jiki. Haka masana ke yi da ƙwayoyin cuta. A shekarun 1980 sunadaran jikin ƙwayar ake gwadawa. A 1998 aka fito da hanyar karanta wasu zaɓaɓɓun wurare a cikin DNA ɗin, yau wurare bakwai ake dubawa, a ba kowace zuriya lamba, ana tara lambobin a wata ma'ajiya ta intanet da ke Jami'ar Oxford. Yanzu kuwa rubutun gaba ɗaya ake karantawa daga farko har ƙarshe. Ƙwayar da aka ciro daga yaro a Gusau da wadda aka ciro daga dattijo a Jidda, ana iya ajiye su gefe da gefe a faɗi kusancin da ke tsakaninsu.

Ina ɗan yaro a aikin Hajjin 1987, a watan Agusta, lokacin da sanƙarau ya ɓarke a nan. Abin da na riƙe shi ne jiniyar motocin asibiti da yadda mahaifiyata ta hana mu fita. Sai da na girma na shiga aikin nan na san labarin ƙwayar. Nau'in A ce, zuriyar da daga baya aka ba lamba ST-5. An gan ta a Sin, ta yi annoba a Nepal a 1983 zuwa 1984, ta ratsa Indiya da Pakistan, alhazan wannan yanki suka zo da ita Makka a maƙogwaronsu ba tare da sun sani ba. Da aka watse, kowa ya tafi da rabonsa. A 1988 ta tashi a Chadi da Sudan, ta shiga Habasha, ta yi ta tafiya yamma sannu a hankali har ta isa Nijar. A 1996 ta faɗa wa arewacin Najeriya. Rahoton da Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka wallafa ya ƙirga mutum sama da 109,000 da suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, ya kuma nuna cewa ƙwayar 'yar wannan rukuni ce. A faɗin yankin, tsakanin 1996 da 1997, an yi maganar mutum 250,000 da suka kwanta da 25,000 da aka binne.

A wannan shekara ta 1996 Saudiyya ta rufe ƙofa ga maniyyatan Najeriya saboda annobar. Mu nan mun ji a jikinmu. Mahaifiyata tuwo take sayar wa alhazai, abin da take samu a wannan wata shi ke riƙe gidan har shekara ta zagayo, kuma a shekarar tukwanenta a kife suka kwana. Mutanenmu sun ji ciwo, sun ce an mai da mu masu ɗauke da cuta, wasu Larabawan unguwa kuwa har gefe suke ja idan ka zo wucewa. Da a ce a lokacin akwai wanda zai karanta musu salsalar ƙwayar, da sun ga cewa shekara tara kafin nan ta cikin garinsu ta bi ta tafi ƙasarmu. Ban faɗi haka don a ɗora wa wani laifi ba. Duk inda mutum miliyan biyu daga kowace kusurwa suka kwana wuri ɗaya, ƙwayoyinsu ma sun yi taro.

Bayan 1987 aka wajabta wa alhazai allurar A da C, aka samu sauƙi, kowa ya saki jiki. Sai Hajjin 2000, a watan Maris. Wannan kam da hannuna na taɓa. Ana kawo mana ruwan ƙashin baya na marasa lafiya a 'yan kwalabe. Na mai lafiya garau yake, ka hango yatsanka ta cikinsa. Waɗannan kuwa sun yi dishi-dishi tun kafin a sa su a madubin likita, in an sa kuma ga ƙwayoyin nan bibbiyu manne da juna, wasu a cikin fararen ƙwayoyin jini. Mukan shuka su a faranti su kwana, da safe mu ɗebo kaɗan a kan gilashi, mu ɗiga ruwan gwajin A mu juya, mu jira mu ga ya yi gudaji. A wasu ya yi, domin A ma ta fito a shekarar. A da yawa kuwa shiru. Mu ɗiga na C, shiru. Kwalbar da muka saba bari a can ƙuryar firji, ta W135, wato nau'in W, ita ce ta riƙa kamawa. Wani babba a cikinmu ya sa aka sake gwajin, don bai yarda ba: W ba a san ta da annoba ba. Mutanen da ke kwance kuwa da yawansu sun yi allurarsu tsakani da Allah, katinsu na gaskiya ne, sai dai allurar ba ta san wannan ɓawon ba.

A shekarar an ƙirga sama da mutum 400 cikin alhazai da iyalansu a ƙasashe fiye da goma, har Ingila da Faransa, kuma da aka gwada ƙwayoyin sai aka ga zuriya ɗaya ce, ST-11. Abin ya maimaitu a 2001. Wani bincike da aka yi a Singafo a kan alhazan da suka koma gida ya samu kashi 15 cikin ɗari ɗauke da W a maƙogwaro, kuma sun shafa wa wasu daga cikin mutanen gidansu. Ka duba wannan da kyau, Malam Edita: alhaji ya dawo lafiya, ana ta zuwa barka da sauka, ana rabon dabino da zamzam, ya rungume jikansa, bayan 'yan kwanaki jikan ne ke kwance wuya a sanƙare. Daga Hajjin 2002 aka wajabta allura mai haɗe da huɗu, A, C, W da Y. A 2002 ɗin kuma W ta yi babbar annobarta ta farko a Burkina Faso, sama da mutum 12,000 suka kamu. Nan da nan aka ce tsarabar Makka ce. Amma da aka buɗe firjin da ake ajiyar tsofaffin ƙwayoyi aka karanta su, sai ga 'yan wannan gida a Gambiya da Mali tun shekarun 1990. Ke nan ba Makka ce ta haife ta ba, a Makka dai ta samu kasuwa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na C, domin a ƙasar iyayena ya faru. A 2013 aka fara ganin sanƙarau nau'in C a ƙauyukan Sakkwato da Kebbi. Da aka karanta wuraren nan bakwai, lambar ba ta dace da kowace da ke ma'ajiya ba, sai aka yanka mata sabuwa, ST-10217. A 2015 ta ƙetara Nijar, ta kwantar da mutum sama da 8,000, har cikin Yamai. Daga ƙarshen 2016 zuwa daminar 2017 ta tashi daga Zamfara ta bazu, sama da 14,000 suka kamu a Najeriya, sama da 1,100 suka rasu, akasarinsu yara. Ina da 'yar'uwa a wajen Ƙauran Namoda da ɗanta ya tashi daga wannan ciwo kurma, har yau da hannu ake yi masa magana. A lokacin har an samu wani mai riƙe da babban muƙami da ya ce zunubin mutane ne ya jawo. Allah shi ne masani a kan bayinsa, amma yaro ɗan shekara bakwai zunubin me ya yi? Abin da binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna shi ne, kakar wannan ƙwaya ba ta da ɓawo ko kaɗan, irin waɗanda ke zaune a maƙogwaro ne ba sa cutar da kowa, kuma an samu 'yar'uwarta ta kusa a maƙogwaron wani mai lafiya a Burkina Faso. Ita wannan ƙwaya tana da wata baiwa: tana iya tsintar guntun DNA da wata ƙwaya ta mutu ta bari, ta cusa shi a cikin nata. Ta haka ta samu umarnin ƙera ɓawon C da wasu kayan ɓarna, ta zama abin da ta zama. Wannan ba daga Nepal aka kawo ta ba, ba daga Makka ba. A yankinmu ta ƙyanƙyashe, kuma da wani mai katin bogi ya shigo da ita Mina, da sunan ƙasarmu ne zai fito a rubutun.

Ba zato nake yi ba, an taɓa yi da shan inna. Da aka dakatar da ɗigon rigakafi a Kano da wasu jihohi a 2003, ƙwayar ta fita ta shiga ƙasashe wajen 20. A 2004 tana Sudan, a 2005 tana Yaman da Indunusiya, ɗaruruwan yara suka shanye. Babu wanda ya ga wanda ya kai ta, amma wani sashe na rubutunta yana sauyawa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari duk shekara, da shi aka bi sawunta har arewacin Najeriya. Shi ya sa aka shiga ɗiga wa alhazanmu maganin a baki a filin jirgin Jidda, tsoho da gemunsa fari fat. Na sha jin ana cewa wulaƙanci ne. Ni ma ba na jin daɗin ganin haka, kuma ba zan ce duk ma'aikacin filin jirgi yana da ladabi ba, amma mu muka ba da ƙofa.

Wani zai ce duk wannan tsohon labari ne. A watannin Afrilu da Mayu na 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da sanarwar mutum 12 a Amurka da Faransa da Birtaniya da suka kamu, masu alaƙa da zuwa Umara, yawancinsu da W. Waɗanda aka san tarihin allurarsu a ciki, ba su yi ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a wasunsu ƙwayar ta ƙi jin ciprofloxacin, maganin da aka daɗe ana ba alhazan ƙasashenmu su haɗiya da sun sauka, don ya wanke maƙogwaro. Sauyin harafi guda a wani wuri a rubutunta ya isa ya jawo haka. Mu kuwa mun mai da wannan magani na kowane ciwon ciki da kowane "taifot", ana sayen sa a kemis ba takarda, a sha biyu a ajiye. Nan Makka ma 'yan'uwanmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, haka suke yi, don tsoron zuwa asibiti, su kuma ba sa cikin lissafin kowa idan ana yi wa mazauna gari allura. Wannan wata wasiƙar ce daban.

Najeriya ta yi abin yabo a 2024, ita ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai haɗe da biyar, Men5CV, wadda ta ƙara da X, nau'in da ya taɓa yin annoba a Nijar a 2006. Akwai kuma masu iya karatun nan a gida: babban ɗakin gwaje-gwaje na hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, a Gaduwa, Abuja, da cibiyar binciken Farfesa Christian Happi a Ede, da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. Sai dai mai karatu ba ya karanta abin da ba a kawo masa ba. Idan yaro ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai da amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko jariri maɗigarsa ta kumbura, likita ya ce zai ɗebi ruwan baya, sai dangi su taso su ce za a shanye musu yaro. Allurar tana shiga ne ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma abin da ake ɗiba bai kai cokali ba, jiki na mayar da shi cikin sa'o'i. Da wannan ɗan ruwan ake sanin ko A ce ko C ko W, da shi hukuma ke sanin wace allura za ta nemo wa garin gaba ɗaya. In ba a ɗiba ba, ko an ɗiba ya kwana a aljihun direba cikin zafin bazara, sai a yi ta harbi a duhu har ruwan farko ya sauka annobar ta lafa don kanta.

Ga maniyyaci, abin da ake nema kaɗan ne. Ka je da ƙafarka a yi maka, aƙalla kwana goma kafin tashi. Ka nemi a nuna maka kwalbar, ka ga haruffan nan huɗu, A, C, W, Y. Iri biyu ce: tsohuwar shekara uku ake karɓar katinta, sabuwar shekara biyar, kuma sabuwar ta fi, domin tana rage zaman ƙwayar a maƙogwaro, wato tana tsare har waɗanda ka bari a gida. In ka dawo, ka sa ido a kan yaran gida na mako biyu, zazzaɓi mai zafi da ciwon kai kada a tsaya jiƙe-jiƙe, ciwon nan yana kashewa cikin yini guda.

Kai kuma, Malam Edita, ina da roƙo. Kafin jigilar bana ka tura wakilinka wuraren da ake buga katin nan, da ofisoshin masu jirgin yawo, ya yi tambaya ɗaya: kati nawa aka buga wa hatimi, kwalba nawa aka fasa? A kawo takardun a jera, ku buga mana abin da kuka gani.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje,
Shara Mansur, Makka.